Lalle Bisa Tawada

A gidana komai da lokacinsa: salla, sannan kalaci, sannan keken ɗinki. Haka na tsara zaɓen shekarar nan ma. Ɗiyata tana kwaleji a birnin Sakkwato tare da ɗan ƙanena, kuma dukansu a ƙauyenmu na asali, kan hanyar Rabah, suka yanki kati lokacin hutu. Inda ka yanki kati nan kake jefa ƙuri'a.

Daga shagona na Wurno na kira ta. "Ki taho, ke da ɗan'uwanki. Kuma kada ki ƙunsa lalle, na'ura ba ta karanta yatsa mai lalle."

"Baba, 'yan ajinmu cewa su kai, mi ƙuri'a za ta canza? Ga hanya kuma."

"In ku da kunka yi karatu kunka zauna, wa za shi tashi?"

Suka zo. Ana jajibirin zaɓe wani direba mai jigilar albasa daga Goronyo ya raɗa mini cewa mutanen daji sun aiko: duk wanda suka tare da tawadar zaɓe a yatsa, ya kuka da kansa. Na tara yaran na faɗa musu yadda na ji, ban rage ba. Ɗiyata ta ɗauki katinta ta sa cikin jaka.

Ranar zaɓe, layin rumfarmu gajere ne. Babu mai tallar ko da ruwa. Da an ji ƙarar babur sai hira ta mutu, idanu su koma bakin gonaki. Aka tantance su, suka dangwala, aka shafa musu tawada a gindin farce.

Saura komawa makaranta. Matata ta kwaɓa lalle ba ta tambaye ni ba. "Kai ka hana, malam, yanzu lokacinai ya yi." Ta ƙunsa wa yarinyar har wuyan hannu, ja ya haɗiye baƙi.

"Inna, ni hwa?" in ji yaron. "Ko ni ma amarya za ki maishe ni?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya goga toka, ya goga lemun tsami, tawada tana nan. Na kai shi wurin bakaniken bakin tasha, aka dama masa baƙin mai a hannu biyu har cikin farce. Na sa su mota.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara.

"Baba, mun iso. An tsai da mu cikin daji, anka ce kowa shi miƙo hannu."

"Sai mi?"

"Sun ce mashi ƙazamin bakanike. Ni ba su ko duba ba. Motar da ab bayanmu ba ta iso ba tukun."

Na zauna gaban keke, rigar wani a ƙarƙashin allura. Ƙafata tana kan matakin, ta ƙi motsi.