Sa Hannun da Na Jinkirta

Shekarar da na yanki katin ƙungiyar 'yan wasan fim, rataye shi nake yi a wuya kamar ma'aikacin banki. Katin kuwa ya yi mini rana. Furodusa ya daina cire ni tsakar aiki don ya saka ƙanin matarsa, kuma da na karye wajen ɗaukar wani faɗa, 'yan ƙungiya ne suka yi ta jigila da ni asibiti. Sai dai akwai doka: ɗan ƙungiya ba ya tsayawa gaban kyamara da marar kati.

Abokin wasana ɗan ƙabilar Ibo ne, haifaffen Sabon Gari, mai gyaran janareta, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Shekaru muna barkwanci tare a fim, shi ya fito a mai shago, ni a mai taurin ciniki. Shiga ƙungiya sai mutum biyu sun tsaya maka. Ya samu ɗaya, ya kawo mini takardar in sa hannu. Ni sabon shiga ne, ina tsoron a ce daga zuwana na fara jawo mutane. Na ce masa gobe. Na yi ta cewa gobe.

Wata rana muna ɗaukar fim a wani gida a Kwaciri, jami'in ƙungiya ya shigo ya ce kowa ya fito da kati. Abokina ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara hula.

"Malam, bari in tafi," ya ce wa darakta. "Kada in jawo muku."

An riga an ɗauki rabin fitowar daga bayansa, sai darakta ya ce a bar inda kafaɗarsa kaɗai ta fito, wani ya ɗora murya. Sauran na ƙarasa ni kaɗai, ina yi wa kujerar da ya bari dariya. Har yau in aka sa fim ɗin, tashi nake yi in bar ɗakin.

Kunya ta hana ni zuwa gidansa sai bayan babbar salla. Na sa hannu a takardar, na kai. Matarsa ce ta fito, cikin baƙaƙen kaya. An yi sati biyu da kai gawarsa garinsu. Ta karɓi takardar, ta daɗe tana dubawa.

"Ya ce za ka kawo," in ji ta. "Kullum yana cewa kai ba ka saɓa alkawari, aiki ne ya yi maka yawa."