Dillalin da Ba Ya Bin Ƙofa

Jama'a, yau an sayar da ɗakin Alhaji yana tsaye bai sani ba!

A masaukin da nake gadi a Takur abin ya faru. Wani baƙo ya shigo da jaka, ya tambayi kuɗin kwana. Alhaji mai gidan, tsohon falken shanu, ya faɗa masa. Baƙo ya taya.

Alhaji ya ce, "Albarka."

Jira yake a ƙara, irin na kasuwar shanu. Baƙo bai ƙara ba, waya kawai ya danna.

Sai Hadiza mai karɓar baƙi ta ce, "Baba, ya kama lamba huɗu. Har ya biya."

"Wajen wa?"

"Kamfanin intanet ɗin da kuka ba ɗakuna. Nasu ya fi araha, kuma za su cire la'ada."

Alhaji ya ce, "Bawan Allah, ga ni a gabanka, ka tafi wajen dillali?"

Baƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, shi bai ce min albarka ba."

Alhaji ya juyo kaina. "Sale, ta ina dillalin nan ya shigo?"

Na ce, "Ba dai ta ƙofata ba."