Farantin da Inna Tsaf Ta Dafa

Shekara goma sha shida Inna Tsaf tana wanke farantan gilashi a ɗakin binciken cututtukan inabi. Tsabtarta ce ta jawo mata sunan. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta san aikinta: funfunar da ake renowa daga ruɓaɓɓun rassa, in ta cika faranti a ajiye, in ta tsumbure a jefa ta tukunyar tururi ta mutu.

Ran wata Talata sai ga matashiyar Daktan ɗakin tana birkita kantoci.

"Inna, ina farantin da ke bakin taga?"

"Wannan kanjamammen? Na dafa shi tun safe, 'yar nan."

Dakta ta zauna daɓas. "Inna, kin dafa min aikin shekara biyu! Wata ƙwayar cuta ce ta kama funfunar ta hana ta girma. Ita muke fata ta ceci itatuwan."

"Au, ita ma cutar ciwo take yi?"

"Gobe shugaba zai tambaya, kuma ban rubuta daga wace bishiya na yanko reshen da na ɗebo ta ba."

Inna ta san in maganar ta kai sama, aikinta ya tafi. Ta wanke bokiti ɗaya sau uku. Ta ɗauki carbi, ta ajiye. Ko a sallar azahar farantin ne ke mata gizo, har ta yi ta istigfari. Tana goge almakashin yankan reshe sai ta tsaya cak.

"Dakta, ranar da kika kawo reshen nan takalminki duk jar laka ne, har na yi mita. Kuma akwai shuɗin zare a reshen."

Wuri ɗaya ke da jar laka a gonar gwaji, bayan tankin ruwa. Nan suka sami tsohuwar bishiyar da mai lambu ya ɗaure da shuɗin zare, alamar za a sare ta. Suka yanko reshe, Dakta ta sa shi a sabon faranti a bakin taga, ta roƙi shugaba kwana tara.

Kullum Inna ce farkon zuwa, ta leƙa, ta koma, ta sake leƙawa. A rana ta tara funfunar ta fito 'yar firit, ta kasa kai ko rabin faranti.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, "ba ta da lafiya." Ta ɗaura wa farantin shuɗin zare, ta matsar da bokitinta nesa da taga.