Tsuntsun da Na Kafe a Rumfar Surukina

Janaretan da ke ba layinmu wuta a Kontagora na surukina ne, mahaifin matata. Daga gare shi na ja waya zuwa firjin da nake ajiye wa mahaifiyata allurar ciwon sukari. Da man dizal ya yi tsada, sai ya rage wa injin gudu a ɓoye. Kwan fitila bai nuna komai ba, amma firjin ya shiga gurnani yana ɗaukewa, ruwan cikinsa ya daina sanyi. Allurar nan kuwa zafi ke kashe ta, kuma ya san da haka.

Mutum ba ya duban idon surukinsa ya kira shi maha'inci. Ni kuma malamin lantarki ne, ba na zargi sai da awo.

Na ɗauko ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura, irin wadda agogon cikinta ke ƙirge ba tsayawa. Na rage ƙarfin wutar da ɗan taransifoma, na kai ta ƙafar ƙwaƙwalwar da ke kama ƙirgen. Duk lokacin da wutar ta taso kamar igiyar ruwa, sai ƙafar ta cafke lambar da agogon ya kai, ta katse wa ƙwaƙwalwar aikinta domin ta ɗebe lambar baya daga ta yanzu. Abin da ya rage shi ne tsawon zagaye ɗaya. Lafiyayyen inji zagaye hamsin yake yi a daƙiƙa. Nasa jan ƙafa yake yi kamar jakin da ya dawo daga kasuwar Auna.

Na haɗa mata ƙararrawa, na kafe ta a bangon rumfar da surukina yake zama da abokansa bayan la'asar. Da tsawon zagayen ya wuce ƙa'ida sai ta fara tsuwa.

Ya dube ni a yatsine. "Injiniya, wannan tsuntsun naka me yake ci?"

Na durƙusa. "Ba ya cin komai, Baba. In inji ya gaji ne yake kuka."

Wani dattijo mai injin niƙa, wanda shi ma a wurinsa yake jan wuta, ya gyara zama. "Alhaji, ashe ba injina ne ya tsufa ba, kamar yadda ka ce mini."

Kafin magariba ya mayar wa injin gudunsa, tsuntsun ya yi shiru, firjin ya koma sanyinsa. Tun daga ranar, in na gaishe shi bango yake amsa wa. Na'urar tana nan inda na kafe ta, ba kuma zan sauke ta ba.