Motar da Na Kai Dawa

Shekarun baya, lokacin da nake aikin gwajin jini a wani asibiti a unguwar Sharafiyya da ke Jidda, ina da wata tsohuwar mota mai dogon baya da muke kira Gwaggo. Sunan ya dace da ita, domin ba ta tashi sai an lallaɓa ta, in kuwa ta tashi duk layinmu sai an sani. Na'urar sanyinta ta mutu tun kafin in saye ta, ga zafin Jidda, sai in isa wurin aiki kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Kunyarta nake ji ƙwarai. Can bayan asibiti nake ajiye ta don kada likitoci su ga mai ita.

Akwai abokina, mutumin ƙasarmu, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Gadin yamma yake yi a wani sito, yana zaune a unguwar Nuzla da iyalinsa. Matarsa tana dafa tuwo da shinkafa da wake, tana sayar wa leburori a unguwar Mahjar da rana, kuma da wannan cinikin gidan yake tsaye. Kullum da hantsi yakan zo asibiti ya karɓi makulli, ya kai mata manyan kuloli huɗu, ya dawo da motar kafin in tashi aiki. Shekara uku muna haka, bai taɓa dawo mini da ita ba a wanke ba.

Sai kwangilata ta ƙare, ni da matata muka fara shirin komawa gida. A can Jidda ba a buga maka bizar fita ta ƙarshe matuƙar akwai mota da sunanka. Masu saye biyu suka zo, kowanne ya zagaya ta sau ɗaya, ya yi dariya, ya kama gabansa. Ba zan ɓoye ba, abokina ya faɗo mini a rai, ga shi yana da iƙama, wato takardar izinin zama, da lasisi, babu abin da zai hana a mayar da ita sunansa. Amma sai na ce wa kaina, yaya zan ɗauki wannan gwangwani in miƙa wa babban mutum in ce kyauta ce? Ai kamar na raina shi ne. Kuma da yana so, da ya yi magana.

Wani Balarabe abokin aikina ya ba ni labarin wata ƙungiyar agaji da ke karɓar tsofaffin motoci, ta gyara su, ta raba wa iyalai mabuƙata. Ranar Alhamis na kai Gwaggo, na sa hannu, na miƙa takardunta da makulli. Na hau tasi ina jin kaina kamar waliyyi. Ko matata ban gaya wa ba, wai ni mai sadakar ɓoye.

Ranar Asabar da hantsi abokina ya zo kamar yadda ya saba. Muka gaisa, ya miƙo hannu yana jiran makulli.

"Yaya, ai na bayar da ita sadaka," na ce, har da ɗan murmushina.

Ya janye hannun a hankali ya sa a aljihu. "Ma sha Allah. Allah ya karɓa, ya sa a mizani."

Ya juya ya tafi. Ni kuwa gogan naku na koma ciki ina ganin an yaba mini.

Bayan kwana huɗu muka je Nuzla da matata yi wa mutane sallama. Rana tsaka, daga cikin tasi na hango shi yana tura baro da kuloli biyu, rigarsa ta manne a bayansa. Matarsa tana biye da shi da kula a ka, tana dafe da ƙugu. Sauran ɗayar sun bar ta a gida, domin babu mai ɗauka. Matata ta tambaye ni ina Gwaggo, ita da take zaton tana wurin makanike. Da na faɗa mata, ta juyo ta dube ni.

"Gida bai ƙoshi ba ka kai wa dawa," ta ce. "Shekara uku mutumin nan yana wanke maka mota, kana jira ya buɗe baki ya roƙe ka? Shi ɗin?"

Washegari na koma ofishin ƙungiyar ina kame-kame. Ma'aikacin, wani dattijo mai haƙuri, ya saurare ni har na gama.

"Halas, shi ke nan, ya sheikh, ta fita daga hannunka, ba a komawa kan sadaka," ya ce. "Amma ba a ba kowa ita ba tukuna. In abokinka ya zo da kansa, ya cike takarda cewa shi mabuƙaci ne, za mu je mu ga gidansa."

Ban taɓa yin tafiya mai nauyi kamar wadda na yi zuwa gidansa da la'asar ɗin nan ba. Na zauna a kan tabarma, na faɗa masa komai, har da tunanin raini da ya hana ni ba shi. Ya saurare ni yana jan carbi.

"Da ka miƙo mini makullin nan da hannunka, kyautar ɗan'uwa ce, da na karɓa ina dariya," ya ce. "Yanzu kuwa sai na je na rubuta da hannuna cewa ni abin tausayi ne. Shekara ashirin da biyu a ƙasar nan ban taɓa rubuta haka ba."

Daga cikin ɗaki muka ji matarsa ta yi nishi tana ƙoƙarin miƙewa da tukunya. Ya juya ya dubi labulen ɗakin, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa suke buɗe ofishin.

Ya je shi kaɗai, ya hana ni raka shi. Har ranar tafiyarmu ban ji komai ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. Muna fito da akwatuna da safe sai na ji wani tari da na sani tun daga bakin layi. Gwaggo ce, abokina na tuƙa ta, an yi mata sabon fenti, a jikin ƙofarta an liƙa takarda da Larabci cewa sadaka ce daga wani mai alheri. Bai ɓare takardar ba.

"Yalla, ku shigo kada jirgi ya bar ku," ya ce. Muna hanya ya ɗan bubbuga sitiyari. "Wani bawan Allah ne ya ba ni ita, ban san shi ba. An ce mutumin kirki ne, sai dai ba shi da wayo."

Matata ta fashe da dariya, ni ma na yi, amma idona ya cika.

Har yau in na tuna hannun nan da ya koma aljihu, sai kunya ta kama ni. Ni na yi kara, shi ya yi kawaici, matarsa ce ta ɗauki kula a ka. Tun daga lokacin, ko tsohon takalmi zan fitar, sai na fara duba wanda ke tsaye kusa da ni, in tambaye shi da bakina ko yana so.