Tafiyar Ƙwayar Shinkafa

A shagon Usta Niyamat mai gyaran ƙarfe a Lahore, wata mata ce a gabana, furfura ta fara cin goshinta, yatsunta duk busasshen fenti. Ta ɗora wa Usta siririn ƙarfen da kyamara ke zamewa a kai.

"Tafiyar ƙwayar shinkafa na ce kyamara ta yi, Usta, ka yi min ta raƙumi."

Fim take yi da 'yartsanar laka, irin wanda hotonsa ke tasowa kamar a taɓa in an sa tabarau. Takan ɗan motsa ta, ta ɗau hoton idon hagu, ta gusar da kyamara, ta ɗau na dama. Da gani ita kaɗai take aikin.

Ta miƙo min tabarau mai ja da shuɗi, da hoto a wayarta. "Ɗan'uwa, duba min." Hannun 'yartsanar ya taso kamar zai tsone min ido, har na ja baya.

"Ya fito ko?"

Sai yanzu na kalle ta sosai. Idonta na hagu ba ya motsi, na gilashi ne. Ashe da ido ɗaya ba a ganin tasowar hoton.

"Shekara tara ke nan," in ji ta, tana karɓar tabaraunta. "Kullum sai na tambayi wani."