Na Bakwai Ya Makara

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Agadas ya san Baba Alhasan ba ya kallon ƙasa. Kai sama yake tafiya, rawani ya zame baya, gemu na nuna gabas. Ka gaishe shi, sai ya gama duba sama tukuna ya amsa, kamar daga can ake ba shi izini. Ni ɗiyar ɗan'uwansa ce, a hannunsa na girma, kuma rabin ƙuruciyata wajen janye shi daga gaban jakuna da ƴan kabu-kabu ya ƙare.

Kun tuna shekarar da aka haƙa ramin bututun ruwa a ƙofar gidanmu? Bayan isha ya auka ciki, rim! Muka fito da gudu da fitila.

"Baba, ka karye?"

"Kashe hitilar nan! Ku miƙo mini tabarmata. Nan ciki taurari sun hi hitowa sarai."

Wallahi sai da liman ya zo ya lallashe shi kafin ya yarda a ciro shi.

Babban abokin gabarsa kuwa ampul ɗin Isufu mai shago ne, ƙwan lantarkin da ya liƙa a ƙofarsa yana haske har saman soronmu. Kowace safiya Isufu zai tarar an kife wa ampul ɗin wani abu: yau tsohuwar hula, gobe ƙwarya, ran nan har tukunyar miyar innarmu.

"Haba Baba, ɓarayi nake tsoro!"

"Ɓarawo mi zai ɗauka gare ka? Sabulu? Kai ka sace mini sama sukutum, ban kai ƙararka ko'ina ba!"

In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, cikin tsakiyar zafi, gari duk ya ɗauki tsaki, murya guda za ka ji daga saman soro: "Alhamdulillahi! Allah shi ƙara!" Matan unguwa sun sha yi masa Allah-ya-isa a ɓoye.

Bara waccan, da wasu fitilu suka ratsa sama a jere, ɗaya bayan ɗaya, shiru babu ƙara, mutane suka yi ta salati, wasu suka shige ɗaka. Ƴan makaranta suka ce na'urorin Turawa ne. Baba ya bi su da yatsa har suka ɓace, ya yi tsaki.

"Ayari ne. Amma madugunsu ba shi da tarbiyya, ya wuce bisa gari ba sallama."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Na ga leɓensa na motsi. Ƙirga su yake yi.

To, wannan ƙirgar ce ba a yi wa dariya a gidanmu. Baba madugun ayarin gishiri ne a da. Su bakwai suka taso daga Fachi, har da Husaini ɗan tagwayensa, mahaifina, ina cikin ciki a lokacin. Al'adar madugu ce ba ya ɗaga ayari sai ya ƙirga mutanensa. Wata asuba a tsakiyar hamadar Tenere ya ƙirga cikin duhu, ya samu bakwai, ya ce a tafi. Sai da rana ta ɗaga aka ga na bakwai ɗin kantun gishiri ne lulluɓe da bargon Husaini a bayan raƙumi. Suka juya, iska ta riga ta share sawu. Ko takalminsa ba a tsinta ba.

Tun daga nan ba wanda ya isa ya ce "marigayi" a gabansa. "Bai ɓata ba," in ji shi, "makara ya yi."

Kun san taurarin nan da ke cure wuri guda, Kaza da ɗiyanta. Manya sun ce bakwai ne, amma ido shida yake gani. Idan zafi ya tsananta sukan ɓace kwanaki masu yawa, Baba ya daina cin abinci sosai, ya yi ta faɗa da kowa. Ranar da suka sake ɓullowa gabas kafin asuba, gab da damina, sai ya hau soro ya yi kiran ayari, tauraro guda suna guda.

"Alhasan, ga ni. Musa. Bilal. Agali. Tanko. Idi."

Sannan a hankali: "Husaini."

Ina kwance a tsakar gida nake jin sa, tsigar jikina na tashi, don biyar ɗin nan duk sun daɗe a kabari. Bayan kowane suna yakan dakata daidai yadda mutum zai amsa. Har yau ba zan rantse cewa iska kaɗai nake ji a waɗannan dakatawar ba. Bayan na ƙarshe ne kawai ba a jin komai, ko kukan kare.

Bana yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Likita ya ce a kankare ta, Baba ya ce a bar masa abarsa, ai ya haddace taurarin. Wata asuba ya tashe ni.

"Ɗiyata, kai ni bisa. Sun dawo."

Na riƙe hannunsa muka hau. Makaho, amma ya juya ya miƙa yatsa daidai inda Kaza take, bai kauce ko kaɗan ba. Ya kira shida. Ya kira Husaini. Sai na ji ya ƙyalƙyale da wata irin dariya da ban taɓa jin ya yi ba.

"Kai! Sai yanzu? Ɗiyarka har ta yi hurhura!"

Ya damƙe hannuna.

"Ƙirga mini. Ni ban yarda da ƙirgata ba."

Na ƙirga sau biyu. Shida na gani.

"Bakwai ne, Baba."

"Duba da kyau. Ba kantu ba ne?"

Na sake ɗaga kai don in ƙarasa ƙaryata, sai ga wani ɗan mitsitsi a gefe, yana ƙiftawa. Ko hawaye ne suka raba mini guda biyu, Allah ne masani.

"Ba kantu ba ne, Baba."

Ya sauke numfashi. "To, a ɗaura kaya."

Kafin azahar ya cika. A daren nan Isufu da kansa ya hau kujera ya kwance ampul ɗinsa, kuma har yau bai mayar ba.

Ina kewarka, tsohon rigima. Allah ya gafarta maka kuskuren asuba guda, ya yafe mini abin da na faɗa in ƙarya ne. Allah ya haskaka kabarinka, ya sauke ayarinku inda ruwa yake, ku bakwai cif. Amin.